Kafin Ka Taɓa Taraktar Babanku

Bulus, autana,

Yayarka Rifkatu ce ke rubuta wannan, ni Mamanku ina faɗa. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ta gyara min, ko na koma baya ta bi ni. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Allah ya kai ka gida lafiya, ya riƙe jirgin nan a sama, ya sauke shi a hankali, ya kiyaye ka a hanyar Abuja zuwa Kachia, wadda ta fi jirgin ba ni tsoro.

Za ka ce gida ɗaya muke kwana, me ya kawo takarda. To ai ba ka zama. Ka fita aikin otal ɗinku na Bukit Bintang, ka dawo da tapau, abincin saye a leda, ka ce, "Mama, makan," wato in ci, da yaren mutanen Malaysia. In na ɗauko maganar tarakta ka ce ka riga ka kalla a waya. Ni kuma in na ga fuskarka sai maganar ta watse, don goshin babanku ne da kai. Shi ya sa na ce a rubuta a sa maka a jaka.

Ka san yadda aka yi da babban yayanku. 'Yan gwangwan sun zo sun zagaya taraktar babanku a gindin mangwaro, sun bubbuga ta da ƙafa. Ya kira ni, muka yi magana, na yarda da bakina: in ba ta tashi ta yi huɗa a daminar nan ba, a ba su su yanka. Ban ga laifinsa ba, shi ke da yara a makaranta. Kai ne ka ce za ka gwada. To ga abin da na sani, kuma ba shi da yawa, kuma a cakuɗe yake.

Daminar ma ban san inda ta kai ba. A garin nan kullum da yamma sai ruwa, yanzu haka ga shi yana dukan taga, sai gabana ya faɗi in ce shuka ta wuce mu. Rifkatu ta ce a gida ruwa bai zauna ba tukuna. Ta yaya mutum zai san wata a ƙasar da ba rani? Ina kallon jirgin ƙasan nan da ke tafiya a kan sanda ɗaya ta saman kasuwar Chow Kit, ba hayaƙi, ba ƙara, ban san me ke tura shi ba. Taraktarmu kuwa in ta tashi har kajin maƙwabta sun sani.

Abu na fari, giya. Ina amarya lokacin, ko kuwa ina goyon yayanku, ban tuna ba, amma rumbun gabas yana nan. Batir ya yi sanyi, babanku ya roƙi wani mai mota ya tsaya a ba shi wuta. Yana tsaye a ƙasa da wayoyi a hannu, gaban babbar tayar baya, ya ce, "Saratu, duba min, tana firi?" Ni ban san firi ba. Na ga sanda a tsaye, na ji kunyar baƙo, na ce, "Tana firi." Ya dangwala wayar a kan sitata. Bulus, tarakta ta yi tsalle kamar an tsikari akuya. Babanku ya faɗa gefe, taya ta bi ta kan takalminsa, ta tafi ita kaɗai ba kowa a kai, sai da ta sa kai a rumbu ta tsaya. Dawa ta zubo mata a ka. Babanku ya tashi da takalmi ɗaya ya ce, "To, ita ma yunwa take ji." Mai mota ya yi ta dariya. Ni kwana na yi ban runtsa ba, don da ƙafarsa ce a wurin takalmin da ba a haife ka ba.

Saboda haka in za ka ba ta wuta daga ƙasa, ka hau da kanka ka girgiza sandar giya, ka ji tana lilo hagu da dama ba abin da ya riƙe ta. Kar ka tambayi kowa. Ka sa dutse gaban taya, kuma kar ka tsaya inda za ta bi. In kuma wani ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ko a gaban surukanka ne.

Sai batir. Nata mai baki uku ne, wuraren zuba ruwa nake nufi, ba mai baki shida irin na motoci ba. Babanku ya ce wutar mota ta ninka tata, in ka ɗura mata kai tsaye kamar ka ba jariri tuwon dawa ne. Ban san ko ana samun mai baki uku yanzu ba, ka tambaya a Panteka. In dole sai an ba ta wuta daga mota, ga abin da idona ya gani yana yi. Yana kashe fitilu. Ba ya bari motar ta jingina da taraktar, ko kaɗan, sai ya bi tsakaninsu da kansa ya ga ya wuce. Ba ya sa wayoyin a kan ƙaramin batirin. Ɗaya yana maƙala ta a jikin ƙarfe, ɗayar ya taɓa ta a ƙusar sitata, tana kamawa ya janye hannu kamar ya taɓa tukunya.

To wace ce ke zuwa jiki? Nan ne kaina ke kullewa.

Batir yana da kai biyu, ɗaya da alamar gicciye, ɗaya da 'yar sanda a kwance. Babanku ya sha faɗa cewa tasa ba kamar motocin yanzu ba ce, a juye take. Wannan na riƙe. Amma a juye daga ina? Sai ka san yadda na mutane yake kafin ka san juyinsa, ni kuwa ban taɓa buɗe mota ba. Jiya na ce gicciye ne ke zuwa jiki. Da na tashi yau na ce a'a, sanda ce. Rifkatu, kar ki rubuta wannan. To kin riga kin rubuta, bar shi.

Bari in bi ta hannuna, wataƙila ya fi kaina tunawa. Ka san tabon nan da ya zagaye min wuyan hannun dama, wanda kake shafawa kana ƙarami kana cewa maciji ne. Ba maciji ba ne. Wata ranar Asabar babanku yana kankare farin garin nan da ke taruwa a kan batir, ya ce in riƙe masa sifana ya je ya ɗebo ruwan zafi. Ina da awarwaro na ƙarfe da na sayo a kasuwa, ina ji da shi, na ƙi cirewa ko wurin daka. Na riƙe sifana a kan batir, na jingina hannu a jikin tarakta don in huta. Sai wuta ta yi fau, awarwaro ya manne, ya yi ja a hannuna. Ihun da na yi har matan da ke rafi sun ji. Ya zo da gudu ya fizge ni, ya tsoma hannun a tulu. Yana ɗaure min yana faɗa, "Ke da ado! Da mai gicciyen kika riƙe da ba abin da zai same ki, shi da jikinta abu ɗaya ne."

Tsaya. Rifkatu, karanta min wannan. Shi da jikinta abu ɗaya ne. To ashe gicciye ne ke zuwa jiki.

Amma kuma ka san babanku da wasa. Dattijon coci ne, komai sai ya kawo gicciye a ciki, ko kare ya kori akuya. Ban sani ba ko maganar batir yake yi ko wa'azi yake min. Ka ga irin abin da nake fama da shi. Kai dai ka cire agogo da zobe da sarƙar nan ta wuyanka kafin ka sunkuya a kanta. Abin da ka sa don mutane su gani ba ya taya ka aiki.

Bayan rasuwarsa ne na yi babbar ɓarna. Kana makarantar kwana lokacin. Ta ƙi tashi, ga citta tana jiran huɗa. Wani direban a-kori-kura da ke ɗaukar kaya ranar kasuwa ya ce zai taimaka, mutumin kirki ne, bai karɓi komai ba. Ya duba batir, duk ya yi tsatsa ba a ganin alama, ya ce, "Mama, abu mai sauƙi. Wadda ta tafi jiki ita ce at, wato mai 'yar sanda, baƙa ke nan. Ja kuma nan." Ya maƙala baƙar waya a jiki, ya kawo jar zai ɗora a ɗaya kan batirin. Cikina ya ce min ba haka marigayi ke yi ba. Na buɗe baki na ce, "Direba, anya?" Ya ce, "Mama, tun ina yaro nake wannan aiki." Gaskiya ya faɗa, a motarsa daidai ne. Ni kuma ban iya faɗin me ya bambanta ba, sai na koma gefe ina gyara ɗankwali.

Hayaƙi ya fito daga ɗan baƙin akwatin nan da suke kira katawut, wari kamar an ƙona gashi. Batir ya tafasa ya tsage. Dainamo ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Direba ya riƙe kai ya ce, "Wannan wace irin tarakta ce?" Na ce, "A juye take." Ya ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Don haka in cikinka ya ce maka a'a, ka ce a dakata, ko ba ka da bayani. A sha ruwa, a sake dubawa. Kuma duk wanda zai taɓa ta, komai gwanintarsa, ka fara gaya masa a juye take tun bai ɗauko waya ba.

Yanzu sai maganar 'yar wayar. Wannan ban taɓa gaya wa ko ɗayanku ba sai kwanan nan, ba don wani abu ba, kunya ce.

Babanku yana da wata 'yar jar waya, tsawonta bai fi daga yatsa zuwa gwiwar hannu ba, bakinta biyu a fere. Yana ajiye ta a aljihun kwat ɗinsa na zuwa sujada, ba ya bari yaro ya taɓa. Duk lokacin da aka cire batir aka mayar, ko aka kwance dainamo, kafin ya tayar da inji sai ya kore ku, ya cire hula, ya durƙusa a gefenta. Ina leƙe daga madafa. Sai in ga bakinsa yana motsi, ya zare wata waya daga bayan dainamo, ya ɗora bakin tasa a kan batir, ɗaya bakin ya ɗan taɓa wurin da ya zare. Tartsatsi ya yi tas. Ya mayar da komai, ya sa hula, ya tayar. Na taɓa tambayarsa, "Baban yara, me kake yi haka?" Ya ce, "Ina tuna mata hanya ne."

To ni me zan ɗauka? Mutum ya cire hula, ya durƙusa, yana magana da ƙarfe, wuta tana amsa masa. Kakansa kuwa kowa ya san shi ke riƙe da kurmin gari kafin zuwan bishara. Na ce a raina wannan saura ne daga can, bai iya bari ba. Na yi ta yi masa addu'a a zumuntar mata ba tare da na faɗi dalili ba. Da ya rasu na ɗauke wayar daga kwat tun kafin a raba kaya, kar dattawan coci su gani su yi magana da sunansa. Na so in jefa ta a masai, hannuna ya ƙi.

Da aka naɗo dainamo daga Kaduna aka sa sabon katawut, bakanike ya haɗa, ta tashi, muka yi murna. Amma batir ba ya cika. Allurar nan ta gaban sitiyari, maimakon ta karkata inda take karkata a zamanin babanku, sai ta kwanta ɗaya gefen tana rawa. Bakanike yaro ne, a kan motocin zamani ya koya, ya ce, "Mama, akwai wani abu da Baba ke yi mata in ya haɗa?" Wayar tana ƙulle a bakin zanena a lokacin. Na ce, "Babu." Aka yi ta tura ta daga tudu, har batirin ya mutu aka ba masu sayen dalma, aka gangara da ita gindin mangwaro. Tun ran nan take wurin.

Sai a nan, a Chow Kit. Mun je sayen kifi da mijin Rifkatu, Istifanus, ina laluben maganin hawan jini a jaka sai wayar ta faɗo gaban mai kifi. Ya ɗauka ya ce, "Mama, kin fara gyaran wuta ne a Malaysia?" Ban san me ya sa ba, a tsakiyar kasuwa, ga warin kifi, ga mutane suna ture mu, na gaya masa duka, har da kurmin. Ya fara dariya, da ya kalle ni ya daina. Ya ce ba tsafi ba ne. Ya ce dainamo irin na da yana riƙe ɗan maganaɗisu a cikinsa, shi ke gaya masa ta wane gefe zai tura wuta, in an kwance shi ko ya daɗe a zaune sai ya manta, ko ya tura a juye. Tartsatsin nan shi ke tuna masa. Na ce, "To motsin bakin fa?" Ya ce, "Mama, Baba ya yi makaranta?" Na ce ko ƙofa bai taka ba. Ya ce, "To maimaitawa yake yi, kar ya ɗora a inda ba nan ba. Hular kuma don kar ta faɗa cikin inji."

Na tsaya riƙe da ledar kifi. Shekara da shekaru ina roƙa wa mutum gafarar abin da bai yi ba. Tarakta kuma tana can kaji suna ƙwai a kujerarta saboda na ce babu.

Ban san wace shawara zan ba ka a kan wannan ba. In ka yi aure, abin da ka ga matarka tana yi ba ka gane ba, ka sake tambaya. In ta amsa ba ka gane amsar ba, ka ce ba ka gane ba. Ni sau ɗaya na tambaya.

A bayan dainamo ƙusa biyu ce, babba da ƙarama. Ina ganin ƙaramar yake taɓawa. In na rufe ido ƙaramar nake gani, amma daga madafa nake leƙe, ga hayaƙi. Istifanus ma ya ce ba zai rantse ba, wai ya danganta da irin dainamon, in aka taɓa inda ba nan ba katawut zai sake ƙonewa. Ya ce ka goge jikinsa ka ɗauki hoton rubutun ka turo, ku duba tare a wayarku. Ka yi hakan. Kar ka bi bakina ni kaɗai. Kuma taɓawa ce kawai, tas, ka ɗauke, ba a riƙewa. Kan batirin da yake ɗora ɗaya bakin kuwa, wanda ba ya zuwa jiki ne, wanda ya ƙona ni.

Yauwa, Rifkatu, rubuta da sauri kafin ya gudu. Babban yatsa! Wayar da ke zuwa jiki ba zagayayya ba ce, mai faɗi ce, saƙaƙƙiya kamar kitso. In babanku yana wanke bakinta da toka, babban yatsansa yana shiga ciki ya juya. A bakin ɗayar kuwa ba ya shiga, sai ya sa ɗan yatsa. Kuma kai mai gicciye ya fi ɗan'uwansa kauri, wannan ko a batirin motar Istifanus na gani da ya buɗe min. To in bakin kitson ne mai faɗi, gicciye ke nan a jiki, ba wa'azi yake min ba. Kana isa, kafin ka sha ruwa, ka je ka sa yatsa. Sai dai in yaron nan bakanike ya canza bakunan. Ban ga ya canza ba. Ban kuma ga bai canza ba.

Akwai atamfa da na saya wa matar yayanku a kasuwar Masjid India, tana ƙasan jakarka, kar ka ba wata. Ka gaishe da kowa. Kar ka yi faɗa da yayanku a kan tarakta, shi ya yi ta biyan kuɗin makarantarka.

In ta tashi, ka kira ni, ko wane lokaci ne a nan, tunda ranarku da tamu ba sa tafiya tare. Kar ka ce komai. Ka kai wayar kusa da inji ka riƙe, ni zan san ko muryarta ce. Ka kalli allurar ka gaya min gefen da ta karkata.

In kuma ka yi duk wannan ta ƙi, to ta ƙi. Ba kai ka kashe ta ba. Ku ba su. Abu ɗaya na roƙa, su ja ta su fita da ita daga gidan kafin su sa mata wuta, kar a yanka ta a gindin mangwaron, wurin yake zama.

'Yar wayar tana cikin ambulan ɗin nan, na sa Rifkatu ta naɗe ta a takarda. Da ita za ka yi, ta san hanya. Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka, ya tsare hannunka daga wuta, ƙafarka daga taya. Ya ba da damina mai albarka. Ya sa in ji muryarta.

Rifkatu, miƙo min ita in gani tukuna kafin ki rufe. Na gaji. Bari in ɗan jingina.

Bulus, ni ce Rifkatu. Nan ta tsaya. Na jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba, barci ya ɗauke ta a kujera. Wayar ba ta cikin ambulan, tana cikin hannunta, ta naɗe ta a wuyan hannu a kan tabon, kuma ba zan iya ɓamɓare yatsunta ba. Istifanus ya ce kowace waya za ta yi. Ka nemi wata a Kachia, ja in akwai. In ka kira, kar ka gaya mata ba da ita ka yi ba sai ta gama ji.